ZAUREN 'YAN MATA: Tsohon Da Ya Ƙi Zama

  

Yau dai ba maganar kwalliya ko girki na zo da ita ba, ba kuma ta yadda ake tarbar baƙo a zaure ba. Hirar tsofaffi na kawo muku. Na san tuni wata ta taɓe baki ta ce, "Haba Anti, mu da ko ashirin ba mu rufa ba, me ya haɗa mu da tsufa?" To ki yi haƙuri ki biyo ni a sannu, in har kika kai ƙarshe kika ga babu ruwanki a ciki, na yarda ki rubuto ki ce na ɓata miki lokaci.

Bari in fara da tona asirin kanmu, mu masu rubuta littattafan soyayya. Ki duba yadda muke ƙare labari. Yarinya ta sha wuya, ta yi kuka har ta gode Allah, a ƙarshe sai mu aurar da ita ga mai kuɗi, mu saka ta a gida mai bene, mu ba ta 'yan aiki da direba, mu rubuta cewa ko tsinke ba ta ɗagawa. Daga gado sai kujera, daga kujera sai bayan mota. Shi ke nan sai mu rufe littafi, kowa ya ce kai, wance ta dace, ta samu hutu. Amma ba mu taɓa komawa mun leƙa wannan baiwar Allah bayan shekara talatin ba, mu ga yadda take hawa benen nan da muka gina mata, tana dafa bango tana nishi, gwiwa ta ƙi, baya ya ƙi. Wannan shafin da ba ma rubutawa shi nake so mu karanta yau, kuma wasu tsofaffi na can wata uwa duniya ne za su taya mu.

WANE IRIN WASA NE?

A ƙasashen sanyi irin su Japan da Kanada da Faransa da Ostiriya, idan hunturu ya shigo, dusar ƙanƙara ce ke sauka ta lulluɓe duwatsu fari fat. Kada ki ɗauka irin ƙanƙarar firji ce, ko wadda ke faɗowa da ruwan sama tana ƙwanƙwasa kwano. A'a, ita wannan laushi gare ta, saukowa take kamar audugar rimi, ta taru ta yi tudu. To a kanta ake yin wasan zamiya. Mutum zai sa wasu takalma masu tauri da suka kai masa ƙwauri, a maƙala su a kan wasu alluna biyu sirara, tsawonsu ya kusa tsawon mutum, ya riƙe sanda a kowane hannu. Akwai kujeru da ke rataye a jikin igiyar ƙarfe, su ke ɗaukar mutane zuwa saman dutse. Daga can sai mutum ya saki jiki ya sulalo ƙasa, yana karkata dama yana karkata hagu don ya rage gudu, iska mai sanyi tana dukan fuskarsa.

Da jin wannan kin san ba aikin rago ba ne. Duk nauyin mutum a kan cinyoyi da gwiwoyi yake, domin a ɗan durƙushe ake saukowa. Dole ido ya gani da kyau, dole ƙafa ta amsa da sauri, in ko jiki ya karkace kaɗan bai daidaita ba, sai dai a ji mutum tim a ƙasa. Shi ya sa aka rarraba hanyoyin da launi, a Turai shuɗi na masu sauƙi ne, ja matsakaici, baƙi kuwa sai gwanaye. Ana sa hular kwano, kuma an ƙera abin da ke riƙe takalmin yadda zai saki da kansa in an faɗi, don kada ƙafa ta murɗe. Duk da haka hatsari bai ƙare ba. Shahararren direban tseren motoci na Jamus, Michael Schumacher, a wajen wannan wasa ya faɗi kansa ya bugi dutse a Faransa cikin Disambar 2013, yana da shekara 44, kuma tun daga nan rayuwarsa ta sauya.

To yanzu ki riƙe wannan a ranki, ki ji shekarun waɗanda zan ba ki labari.

KAKA KEIZO

Sunansa Keizo Miura, mutumin Japan, an haife shi ranar 15 ga Fabrairun 1904 a Aomori, can arewacin ƙasar inda dusar ƙanƙara ke zuba ba kama hannun yaro. Ma'aikacin gandun daji ne, yana kuma ɗaukar hotunan duwatsu. Da ya ajiye aiki, maimakon ya nemi tabarma da inuwa, sai ya ba da ƙarfinsa ga zamiya da koyar da ita.

Su Japanawa suna da wasu shekaru na tsufa da suke yi wa biki na musamman, akwai 70 da 77 da 88 da 99. Wasu a zaune ake yi musu bikin, a ci a sha a watse. Shi kuwa wannan dattijo kowacce ta zo sai ya nemi dutse. Yana da 70 ya yi zamiya a tsaunukan Himalaya. Yana da 77, a shekarar 1981, ya zo nan Afirka ya hau Kilimanjaro na ƙasar Tanzaniya, dutsen da ya fi kowane tsawo a nahiyarmu, mita 5,895, tare da ɗansa da jikansa ɗan shekara 11. Yana da 88 ya ratsa tsaunukan Alfs na Turai a kan allunansa.

Sai ta 99, wadda ita ce ta fi burge ni. A rubutun Japanawa, idan aka ɗauki harafin da ke nufin ɗari aka cire masa zane ɗaya na sama, abin da ya rage shi ne harafin da ke nufin fari. Don haka suke kiran shekara 99 da farar shekara, wato ɗari ba ɗaya. Shi ne tsohon nan ya ce a farar shekararsa Farin Dutse zai je, wato Mon Bulan na ƙasar Faransa, ya sauko ta wani kwari da shi ma sunansa Farin Kwari. Hanya ce ta kusan kilomita 20, tana farawa daga wajen mita 3,800 a sama, inda iska ba ta isar ko saurayi, ga ramuka a ɓoye cikin ƙanƙara. A watan Fabrairun 2003 ya sauko ta, ɗansa da jikansa suna gefensa. Ke dai bari! Da shekara ta zagayo ya cika 100, aka yi bikin a wani wurin zamiya mai suna Snowbird a jihar Yuta ta Amurka, inda shi da ɗansa da jikoki da tattaɓa-kunne suka sulalo tare, zuriya huɗu a kan dutse guda. Ya rasu ranar 5 ga Janairun 2006 yana da shekara 101.

Na san za ki ce ai baiwa ce, Allah ne Ya ba shi. Gaskiya ne, tsawon rai ba ya hannun kowa. Amma ki ji yadda yake yini. Bayan rasuwar matarsa shi kaɗai yake zaune a Tokiyo, shi ke yi wa kansa girki. Kowace safiya yana da motsa jikin da ba ya fashi, na wuya da na numfashi har da na baki da harshe, sannan ya fita tafiya a ƙasa. Kaza da kifi yakan dafa su a tukunya mai matse tururi har ƙashin ya yi laushi, ya cinye da ƙashin. Yana da wani haɗi da yake sha na madara da kindirmo da riɗi da garin waken suya. Kowace loma kuma sai ya tauna ta sau 60 kafin ya haɗiye. Bayan ya haura 90 ya sha karyewa a wajen wasan, amma da ƙashi ya haɗe sai ya koma. Kin ga kenan saukowar da duniya ta tafa masa a kai ta yini guda ce, abin da ya ɗauke shi kuwa safiyoyi ne dubbai da babu wanda ya gani.

BAREWA TA YI GUDU, ƊANTA YA SO RARRAFE

Labarin ɗan nasa, Yuichiro Miura, ya fi kusa da irinmu, domin shi ya taɓa sakin jiki ya ga abin da ya biyo baya. An haife shi a 1932. A ƙuruciyarsa ba shi da tsoro ko na anini. A 1964 ya yi gudun kilomita 172 a awa guda a kan alluna a ƙasar Italiya. Ranar 6 ga Mayun 1970 ya sulalo daga wajen mita 8,000 a jikin Eberest, dutsen da ya fi kowane tsawo a duniya, da laimar sauka ɗaure a bayansa don ta rage masa gudu. Ya faɗi ya yi ta gangarawa, ya tsaya dab da bakin wani rami. Fim ɗin da aka yi a kan wannan sauka har kyautar Oska ya ci. Zuwa 1985 ya gama zamiya a kan dutse mafi tsawo na kowace nahiya bakwai.

Daga nan fa sai ya rasa abin nema. Ya samu suna, ya samu hutu irin wanda muke rubutawa a littafi. Sai ci da sha da zama. Kafin ya farga ya haura sittin da ƙaton tumbi, jini ya hau, sukari ya yi yawa, zuciya tana gargaɗi. Wata rana ya je hawa wani ɗan tsauni a garin Sapporo mai tsawon mita 531 kacal, wanda 'yan firamare ke hawa suna wasa, sai numfashi ya gagare shi. Mutumin da ya sauko daga Eberest! A daidai lokacin kuwa mahaifinsa mai shekara casa'in da ɗoriya yana can yana shirin Farin Dutse. Wace kunya ta fi wannan?

Yana da shekara 65 ya ɗaura niyyar zai taka ƙololuwar Eberest in ya cika 70. Bai fara da wani abin a zo a gani ba. Nauyi ya ɗaura a idon sawu, kilo guda a kowace ƙafa, ya goya jaka a baya, ya riƙa yawo a titunan gari. Sannu a hankali yana ƙara nauyin, har ya kai kilo biyar a kowace ƙafa da jaka mai kilo ashirin ko fiye. Shekara biyar yana wannan abu. A watan Mayun 2003, wata uku bayan saukowar mahaifinsa, ya tsaya a saman Eberest yana da shekara 70. Ya sake komawa a 2008 yana da 75. A 2009 ya faɗi a wajen zamiya ya karya ƙashin ƙugu da na cinya, irin karayar da ke kwantar da tsoho har abada, ga kuma aikin zuciya da aka yi masa har sau huɗu. Duk da haka ranar 23 ga Mayun 2013 ya sake hawa yana da shekara 80, shi da ɗansa Gota, wancan yaron na Kilimanjaro.

Ba zan ɓoye miki sauran ba, don tsufa ba ya karɓar cin hanci. A wannan hawa na uku ƙarfinsa ya ƙare wajen saukowa, sai da jirgi mai saukar ungulu ya ɗauko shi daga wani zango. A 2019 ya nufi dutsen Akonkaguwa na Ajantina yana da 86, likitarsa ta ce a tsaya, ya kuwa ji magana ya juyo. A 2020 wata cuta ta same shi a laka ta wajen wuya, ƙafafu suka ƙi. Ya yi ta gashi da koyon tafiya kamar yaro, har a watan Agustan 2023, yana da shekara 90, 'ya'yansa da abokansa suka ja shi a keken guragu na hawa dutse zuwa ƙololuwar Fuji, mita 3,776. Ni wannan hoton ya fi taɓa mini zuciya fiye da na Eberest.

MATA FA?

Kada ki ce abin na maza ne. Akwai Nancy Greene ta ƙasar Kanada, haihuwar 1943, wadda ta ci lambar zinare a zamiya a gasar Olamfik ta 1968 a Faransa. Shekarar da ta biyo baya ta auri wani mai horar da 'yan wasan, Al Raine, ta haifi tagwaye maza, ta yi renonsu, ta zama 'yar majalisar dattawan ƙasarta daga 2009 zuwa 2018. Aure da haihuwa da aiki ba su raba ta da allunanta ba, ta haura saba'in tana fita tana zagayawa da baƙi a wurin zamiya na Sun Peaks, tana gyara wa 'yan mata sa'o'in jikokinta tsayuwa. Ita da mijinta sun shafe fiye da shekara hamsin tare. Ku masu son labarin soyayya, wannan ma ai soyayya ce, a ce ke da maigida kun yi furfura kuna fita tare da ƙafafunku.

A fagen hawan dutse kuma akwai Junko Tabei ta Japan, mace ta farko da ta hau Eberest a 1975, lokacin tana da 'ya ƙarama a gida. Ba ta daina hawa ba har ƙarshen rayuwarta. A 2016, tana fama da ciwon daji, ta raka ɗalibai 'yan sakandare zuwa dutsen Fuji, bayan wata uku ta rasu tana da 77. Wata 'yar ƙasarsu, Tamae Watanabe, ta hau Eberest tana da 63 a 2002, ta sake hawa tana da 73 a 2012.

Kuma ba fitattu kaɗai ba ne. A Amurka tun 1977 wani mutum mai suna Lloyd Lambert ya kafa ƙungiyar masu zamiya da sharaɗin shigarta shi ne mutum ya cika shekara 70. Wato abin da wasu ke ɓoyewa su rage, su nan shi ne katin shiga. A 2021 wani tsohon malamin zamiya na jihar Yuta, Junior Bounous, jirgi ya sauke shi a kan dutse ya sulalo yana da shekara 95, har ya shiga kundin Guinness.

TO MU INA RUWANMU?

Yo Anti, mu ina muka ga ƙanƙara? Gaskiyarki. A Afirka sai irin su Maroko da Lesoto ake wannan wasa, kuma ko a can Turai wasa ne mai cin kuɗi. Waɗannan tsofaffi suna da asibitoci masu kyau da abinci da fansho, ba zan yi miki ƙarya in ce ƙoƙarinsu ne kaɗai ba. Ban kuma ce ki je ki nemi alluna ba. Abin da nake so ki duba shi ne jikin da ke kan allunan, domin irin naki ne, ƙashi da tsoka da jini.

Likitoci sun ce ƙashin mutum kamar asusu yake. Tun ana yara ake zubawa, kuma 'ya mace kafin ta cika shekara 18 ta riga ta tara kusan kashi 90 cikin 100 na ƙarfin ƙashin da za ta rayu da shi. Zuwa wajen shekara 30 an rufe asusun, daga nan sai tattali da cira. Idan mace ta kai lokacin ɗaukewar al'ada, cirar takan yi sauri, shi ya sa masana suka ƙiyasta cewa a duniya, cikin mata uku da suka haura 50, ɗaya za ta gamu da karaya saboda raunin ƙashi. Me ke cika asusun? Abinci mai gina ƙashi, da hasken rana, da aikin da ke sa ƙashi ya ɗauki nauyi, irin su gudu da tsalle da tafiya. Kin ga ashe ke da ke aji uku ko aji biyar a sakandare, yanzu haka kike gina ƙafar da za ki taka kina da saba'in. Tun ran gini ran zane.

Tsoka ita ma haka. Daga shekara 30 takan fara raguwa kaɗan-kaɗan, kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a duk shekara goma, ta fi gudu kuma ga wanda ba ya motsi. In cinya ta yi rauni sai tashi daga tabarma ya zama aiki, sai a fara tangaɗi, sai faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum 684,000 ke mutuwa duk shekara sanadin faɗuwa, kuma waɗanda suka haura 60 su suka fi yawa a ciki. Wacece a cikinmu ba ta san wata tsohuwa da ta zame a banɗaki ko a bakin rijiya, daga nan ba ta ƙara tashi ba?

Abin daɗin ji shi ne tsoka ba ta fushi, ko an daɗe da yin watsi da ita in an dawo tana amsawa. Masu bincike a Jami'ar Salzbag ta Ostiriya sun tara mutane 'yan sama da shekara 60 suka sa su zamiya na mako 12, sakamakon da suka fitar a 2011 ya nuna cinyoyinsu sun ƙara kauri da ƙarfi, numfashinsu ya ƙara juriya. Shi ma Yuichiro ai a 65 ya sake sabon lale.

Ga kuma inda abin ya zo kanmu. A 2019 hukumar nan ta fitar da wani bincike a kan 'yan makaranta masu shekara 11 zuwa 17 a faɗin duniya, aka ga cikin 'yan mata 100, guda 85 ba sa motsa jiki gwargwadon yadda ake so, wato awa guda a rana. Samari 78 ne. Mun fi su zama kenan. Kuma kin san yadda abin yake faruwa. Yarinya tana tsalle-tsallenta, da ta fara zama budurwa sai a ce ke kin girma, ki natsu. Ita ma sai ta ɗauki yanga, tafiya kamar mai tausayin ƙasa, in an fita filin wasa a makaranta ta ce ciwon mara take, nan da can sai ta tare A Daidaita Sahu, in ta dawo gida ta kwanta da waya a hannu har magariba. Natsuwa abu ne mai kyau, kamun kai ma haka, amma babu wanda ya ce su ne zaman dirshan.

ABIN DA ZA KI IYA TUN GOBE

Ba sai kin fita waje ba, ba sai kin sayi komai ba. Igiyar tsalle a tsakar gida, minti goma da safe, ta isa ta fara cika asusu. Wasannin da muka raina muka bar wa ƙannenmu, 'yar gala-gala da langa da gaɗa, duk akwai tsalle da tsayuwa a ƙafa ɗaya a cikinsu, wato abin da mai zamiya ke biyan kuɗi ya koya. Daka da jan ruwa a rijiya da shara da wanki, in kin yi su da ƙarfinki, ba asara kika yi ba. In makaranta ba ta da nisa kuma hanya lafiya lau, ku haɗu ku uku ku huɗu ku taka. Ki gwada wannan yau: ki zauna a tabarma ki miƙe ba tare da kin dafa ƙasa ba, sannan ki tsaya a ƙafa ɗaya ki ƙirga talatin. In kin ji wuya tun yanzu, to jiki magayi.

Wajen abinci kuwa, ki dubi abin da Kaka Keizo ke sha, kusan duk akwai shi a kasuwarmu. Nono da kindirmo, riɗi, waken suya da ake awara da shi, ƙananan kifi da ake ci da ƙashinsu, ga zogale ga kuka. Kuɗin lemon kwalba guda zai saya miki wani abu a ciki. Masu ƙin cin abinci don kada su yi ƙiba, da masu shan magunguna don su yi ƙiba a ce sun samu hutu, duk ina roƙonku ku ji tausayin tsohuwar da za ku zama.

Amare kuma, in Allah Ya ba ki gidan hutu, ki gode, amma kada ki miƙa wa 'yar aiki ƙafafunki haɗe da tsintsiya. Manya ana so su samu aƙalla minti 150 a mako na motsa jiki, wato rabin awa sau biyar. Ki hau benenki ki sauko, ki zagaya gidanki, in da hali ki ja maigida ku taka tare bayan la'asar, hirar ma ta fi daɗi. Mai ciki ko mai jego ko mai wata lalura, ta fara jin ta bakin likita.

Saura magana guda, ita ce ta iyayenmu da kakanninmu. Mun taso da tarbiyyar cewa ba a barin babba ya yi aiki, da Inna ta ɗauki tsintsiya sai mu karɓe, da ta miƙe sai mu ce zauna Hajiya a kawo miki. Ladabi ne, kuma ba na cewa a bari. Amma ki lura, iyalan Miura ba su nuna wa tsohonsu ƙauna ta hanyar zaunar da shi ba, binsa suka yi zuwa dutsen, ɗaya a dama ɗaya a hagu. Aiki mai nauyi ki karɓa, wannan dole ne. Amma in Kaka ta ce za ta taka zuwa gidan suna a bayan layi, kada ki ce sai an nemo mota, ki ɗauki mayafinki ki riƙe mata hannu ku tafi a hankali. In tana son tsince shinkafarta ko ba awakinta dusa, ƙyale ta. Ki gyara mata inda ke da santsi, ki sa fitila a hanyar banɗaki, ki duba takalminta. Waɗanda suka haura 65 ana so su riƙa motsin da ke ƙarfafa ƙafa da daidaita tsayuwa sau uku a mako, ko da tashi da zama ne a kujera sau goma tana dafe da ke. In tana da hawan jini ko ciwon zuciya ko na sukari, a tambayi likita irin wanda ya dace da ita.

Ni dai na yi wa kaina alkawari, littafina na gaba ba zan rufe shi a daren biki ba. Sai na bi jarumata har ta yi jikoki, kuma da ƙafarta za ta je sunan kowannensu.

Ina jiran wasiƙunku. Wadda take da kaka ko 'yar tsohuwa a unguwa da har yanzu take zuwa gona ko kasuwa da ƙafarta, ta zauna da ita ta tambaye ta yadda ta yi ƙuruciyarta, ta rubuto mana mu karanta a wannan fili. Wadda kuma ta gwada tsayuwar ƙafa ɗaya ta faɗi, ita ma ta rubuto, ba za mu faɗi sunanta ba.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya, amma fa kada hutun ya yi yawa.

Taku har kullum.